Injin Malam Sule da Ɗakinsa na Bulo

Duk wanda ya zo shagon Kawu Ado yana son a koya masa kafa injin wankin mota da cire shi, tambayarsa ta farko ɗaya ce: ina giranda? Kun ga tana tartsatsi a waya, kun ga ƙarfe yana rabuwa kamar ana yanka rake, a ganinku sana'ar ke nan. Giranda tana cikin akwati kuma a nan za ta zauna tukuna. Ni ma ba tsohuwa ba ce, wasunku da kaɗan na girme su, amma na kwanta a ƙarƙashin injin da ya fi ƙarfin giranda, ku ba ku kwanta ba. Saboda haka ku ajiye wayoyin.

Kawu Ado ƙanin mahaifiyata ne. Da na gama sakandare a Tarauni zaman gida ya ishe ni, sai ya ce in zo in riƙa tsare masa shago, don masu aron sifana ba sa dawo da ita. Ban daɗe ba na fara bin shi wurin aiki da akwatin kaya a hannu. Masu wuraren wanki sukan dube ni su dubi Kawu, su ce, "Malam Ado, yau da 'yar rakiya aka zo?" Ni sai in buɗe akwatin kaya. In na kwance musu notin da ya gagare su tun safe sai su daina.

Aikin da na fara zuwa a unguwar Babban Giji ne. Mai wurin ya binne ƙafafun injinsa cikin kankare, ya kewaye shi da bulo har ƙugu, ya sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Na tambayi Kawu me ya sa mutum zai gina wa inji ɗaki kamar kaza. Ya ce injin nan mutum biyu za su ɗaga shi su jefa a adaidaita sahu kafin mai gadi ya gama alwala. Shi ya sa kowa yake ɗaure nasa. Wani da sarƙa, wani da walda, mafi yawa da bulo da siminti. Ranar Kawu bai ba ni komai ba sai ƙaramar guduma, ya ce in bi ginin ina ƙwanƙwasawa ina saurara. Inda bulo yake da rami a ciki yana amsawa da ƙara kamar ganga. Inda aka cika shi da kankare sautin ya mutu. Inda rodi yake, guduma tana dawo maka da wani ɗan zafi a tafin hannu. Na gaji na ce, "Kawu, ba fasawa za mu yi ba?" Ya ce, "In kin fasa kika tarar da wayar wuta fa?" Akwai ta kuwa, a bulo na biyu daga sama, ko bututun roba ba a sa mata ba. Wannan aikin mai sauƙi ne. Muka buɗe gefe ɗaya da cizil, ƙarfen sassaƙa bulo, Kawu ya yanke ƙafafun da giranda, mai walda ya ɗora sababbi. Yawancin aikin haka yake, shi ya sa kuke ganin babu wuya.

Abin da ya riƙe ni a sana'ar shi ne ban taɓa ganin gini biyu iri ɗaya ba. A Ƙauyen Alu na tarar da wanda ya jera fasassun kwalabe cikin siminti. Wani ya binne tsohuwar sarƙar babur. Wani ya yi ƙofar ƙarfe mai kauri sosai, amma bayan ginin bulo ne mara siminti da yaro zai ture da ƙafa. Kowa yana da ɓarawon da yake gani a kansa, kuma don wannan ɓarawon ya yi gininsa. Kafin ka zaɓi abin da za ka ɗauko daga akwati, sai ka san wane ɓarawo mai wurin yake tsoro.

Shekarar da kuɗin fetur ya tashi, ko inji ɗaya ba mu kafa ba. Mutane suka ajiye motoci suka koma adaidaita, wanda ya rage da mota yana wanke ta a ƙofar gida da bokiti. Wuraren wanki suka riƙa rufewa, mu kuma kullum cirewa muke. A shekarar na koyi abin da ya fi komai muhimmanci. Jikin injin alminiyam ne, irin na tukunya. Mai sayen inji na hannu yana zuwa da tsumma ya goge shi tas ya duba. In ya ga tsaga ko kamar silin gashi, ya tafi. Injin da ya tsage ba inji ba ne kuma, 'yan jari bola ne za su ɗora shi a sikeli. Na ga magidanci ya tsaya a kan nasa bayan ƙanensa ya taimaka masa da babbar guduma. Bulo ya fashe, injin ma ya fashe.

Malam Sule bai rufe ba a wannan shekarar. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Gaya, ya yi shekaru yana jan babbar mota kafin bayansa ya hana shi. Abin da ya tara duka ya sa a inji ɗaya, ya kama hayar fili a Gyaɗi-Gyaɗi kusa da asibitin koyarwa. Nas-nas da 'yan adaidaita su suka riƙe shi. Bayan abubuwa sun ɗan lafa sai mai filin ya sayar, sabon mai shi zai gina shaguna. Malam Sule ya samu wani fili a Unguwa Uku, amma fili ba inji ƙasa ce kawai. In injin nan bai fito lafiya ba, ba shi da abin sayen wani, ba shi da bayan komawa tuƙi. Shi da kansa ya faɗa mana haka a shago, a tsaye, ko zama bai yi ba.

Da muka je Gyaɗi-Gyaɗi leburorin sabon mai filin sun riga sun sauke rumfar kwano. Shugabansu wani dogo ne mai suna Ɗanlami, ya ce kafin Juma'a za su haƙa harsashi, kuma layin ya bi ta daidai inda injin yake.

Ban taɓa ganin gini irin wannan ba. Malam Sule ya cire injin daga kan ƙafafunsa na ƙarfe gaba ɗaya, ya zaunar da shi kai tsaye cikin siminti, ya jera bulo har yana taɓa jikinsa. Ya bar kafa ta jan igiyar tayarwa, kafa ta zuba mai, kafa ta canja bel, kafa ta hayaƙi da iska. Babu ƙafar da za a yanke.

Na ce, "Malam, wane birkila ne ya yi maka wannan?"

Ya ce, "Birkila? Birkila ai shi zai dawo ya sace. Ni na yi da hannuna."

Na bi ginin da ƙaramar guduma. Ko'ina sautin a mace. Na sa cizil a kusurwa na buga, ko ƙura bai yi ba.

"Yashi nawa ka sa a simintin nan?"

"Ɗan kaɗan, don kada a ce ban sa ba."

Na ci gaba da sassaƙa har na yi rami kamar zurfin yatsa, sai cizil ya yi wata ƙara ya zame, bakinsa ya ɓalle. Cizil ɗin Kawu ne da ya girme ni. Na leƙa. Ƙarfe ne mai faɗi, baƙi, ba rodi ba.

Malam Sule yana murmushi kamar an yabi ɗansa. "Sifirin ne. Na babbar mota."

Ga wanda bai sani ba, sifirin su ne faffaɗan ƙarafan da suke ɗauke da nauyin mota a kan taya. Buhun siminti ɗari-ɗari suke ɗauka ba su karye ba. Direba ne kaɗai zai yi tunanin sa su a gini.

"Guda nawa ka sa?"

"Duk wanda na samu."

"Ta ina da ina suka bi?"

Ya nuna da hannu. Ta gefe, ta sama, wasu sun gitta tsakanin injin da famfonsa, a ƙarƙashin bel. Kawu ya nemi benci ya zauna, ya aika a kawo masa shayi. In Kawu ya nemi shayi a wurin aiki, to aikin ya yi tsauri.

Ɗanlami ya matso da babbar guduma a kafaɗa. "Hajiya injiniya, ki matsa gefe kada ƙura ta ɓata miki mayafi. Bugu goma na ba shi."

Na ce, "Ka buga goma, Malam Sule ya kwashe injinsa a buhu."

"To da farcenki za ki cire?"

"Da naka, tunda ba ka yankewa."

Yaransa suka yi dariya, ya ajiye gudumar ya jingina da ita.

Yanzu ku bi kayan da ni ɗaya bayan ɗaya, yadda muka bi su ni da Kawu. Babbar guduma ta fita, don girgizar za ta bi sifirin ta shiga jikin injin. Dirila mai bugu ma haka, ita ma girgiza ce. Cizil da ƙaramar guduma za su yi, amma a siminti zalla sai mu kai wata guda, mu kuma Juma'a aka ba mu. Wutar gas ta mai walda tana yanka sifirin, sai dai za ta ƙone robobin cikin famfon kafin ta kai rabi. Saura girandar da kuke ƙauna. Sifirin yana cinye faifanta kamar biskit, wurin kuma a matse yake, in faifan ya zame sau ɗaya jikin injin zai samu. Duk wannan ma ba shi ne babba ba. Kawu ya ce, "Bilki, sunkuya ki shinshina." Na sunkuya. Bulon fetur yake wari. Shekara da shekaru Malam Sule yana zuba mai da jarka ta ƙaramar kafa, rabi a tanki rabi a gini. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Akwati cike da kaya, babu wanda zai yi. Malam Sule ya daina murmushi. Wata nas da ta saba kawo masa mota ta tsaya a bakin titi ta sauke gilashi, ta ce, "Baba Sule, ina za mu same ka yanzu?" Ya ce mata Unguwa Uku in Allah ya yarda, amma muryarsa a ƙasa take.

Ni ban iya zama ba. Na ci gaba da zagaya ginin, ba don ina da dabara ba, so nake kawai in gane yadda mutumin nan yake rayuwa da injin da ba ya iya taɓa rabinsa.

"Malam, baƙin mai ta ina kake juyewa?"

Ya nuna min wani guntun tiyo da ya leƙo daga ƙasa.

"Kafin ka gina fa, a ina kake juyewa?"

"Nan dai. Tun da na zo nan ne mazauninsa."

Na dubi daɓen simintin da ginin yake kai. Baƙi ne wuluk, yana santsi, mai ya shiga shi, ga ruwan omo da yake bi ta wurin kullum zuwa kwata.

"Da za ka yi ginin, ka fasa daɓen ka haƙa?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "In fasa daɓen mutane? Haya nake, 'yar nan. Ɗan haya ba ya fasa daɓen mai gida. Rami huɗu ƙanana na huda a kusurwa na soka rodi, shi ma sai da na nemi izini."

Mutumin da ya gina wa inji kurkuku da ƙarafan babbar mota, kunyar mai gida ta hana shi haƙa harsashi. Siminti kuwa ba ya kama daɓen da ya sha mai. Na kwance bakin zarto daga mariƙinsa, na kwanta a ƙasa, na tura shi tsakanin ginin da daɓen. Ya shige. Na ja shi gefe, ya tafi har sai da ya ci karo da rodi. Ginin nan duka a zaune yake kawai, kamar tukunya a kan murhu, rodi huɗu ne suke riƙe da shi.

Kawu ya ajiye kofin shayi ya zo ya durƙusa da ƙyar. Ya duba, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam Sule, ba za mu fitar da injinka daga ɗakinsa ba. Da ɗakin za ka tafi."

"Ba zai tarwatse ba in an ɗaga?"

"Da sifirin ɗinka a ciki? Ko daga bene aka jefo shi."

Ga kayan da muka zaɓa a ƙarshe: zarto na hannu da sababbin baki, cizil masu faɗi na sokawa a ƙasa, dogon ƙarfen bankara, jak biyu na mota, guntayen bututun ƙarfe, katako da igiya. Rabinsu ma aro muka yi wurin mai faci da ke gefe.

Muka tsiyaye fetur da baƙin mai, muka kwance tiyo, muka cusa buhu a kowace kafa. Yankan rodin ni na yi, don hannun Kawu ba ya shiga wurin. Na ɗaure mayafi ta baya, na shimfiɗa kwali, na naɗe ƙarshen bakin zarton da tsumma. Ruwa ya riga ya ci rodin, tsatsa ta rage masa kauri, amma duk da haka yanka ƙarfe a kwance da zarto mara mariƙi aiki ne da yake sa ka tsani kowa. Ɗanlami ya tsuguna kusa da kaina.

"Hajiya, in kin gaji ki faɗa, ba za mu gaya wa kowa ba."

"In kana da baki haka, ka riƙe min fitila."

Ya riƙe. A rodi na uku ma shi ya karɓi zarton ba tare da na roƙe shi ba.

Da na huɗu ya rabu, Kawu ya jera cizil a gefe ɗaya yana buga su a hankali, wannan kaɗan, wancan kaɗan. Ya hana kowa magana. Ginin ya yi wata ƙara kamar an tsage busasshen itace, Malam Sule ya ce, "Innalillahi!" Ba tsagewa ya yi ba, rabuwa ya yi da daɓen. Muka sa ƙarfen bankara, muka cusa katako, muka sake bankarawa har jak ya samu wurin shiga. Ni a jak ɗaya, Kawu a ɗayan, yana cewa "ɗaga" muna ɗagawa tare, don in gefe ɗaya ya riga ɗaya nauyin zai murɗe. Muka zura bututu a ƙasa muka sauke shi a kansu.

Saura hawa mota. Mai a-kori-kurar da aka kira ya fito ya zagaya abin, ya ce, "Ni inji aka ce min zan ɗauka. Wannan ai ɗaki ne, saura a sa masa labule." Babu mai ɗaga shi da hannu. Amma kowane wurin wanki yana da gadar da mota take hawa a wanke ƙasanta, ta Malam Sule kuma leburori ba su rushe ba tukuna. Muka sa direban ya yi baya ya manna da ƙarshenta mai tsayi, sai ga shi kusan daidai da bayan motar. Ɗanlami ya kira yaransa duka. Wasu suna ja da igiya, wasu suna turawa, ni ina ɗauke bututun da ya fita ta baya ina mayar da shi gaba. Malam Sule ba ya turawa ba ya ja, yana tafe a gefe da tafinsa a kan bulon, yana ta cewa, "A hankali, bayin Allah, a hankali."

A Unguwa Uku babu gada. Muka tara yashi da tsofaffin tayoyi, muka shimfiɗa katako, muka zamo da shi. Na cire buhunan, na haska kowace kafa ina neman tsaga a inda ido zai kai. Ban gani ba, amma rabin jikin a rufe yake, sai an tayar za a sani. Kawu ya zuba mai, na haɗa tiyo da duron ruwa. Malam Sule ya yi bismilla ya ja igiya. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, ya kama. Tiyo ya yi ta tofar da iska, sannan ruwa ya fito da ƙarfin da ya kusa ƙwace masa bindigar feshin daga hannu. Na sa yatsa a ƙasan guntun tiyon nan da cikin kowace kafa, babu ɗigon mai. Motar farko da ya wanke a sabon wurin a-kori-kurar ce, direban yana ciki yana ihu a bar shi ya ɗaga gilashi.

Washegari muka koma Unguwa Uku ɗauko jak ɗin mai faci da muka manta. Na tarar da Malam Sule ya haƙa rami zagaye da ginin, zurfinsa har gwiwa. Ga buhunan siminti, ga ɗan tsibin yashi da ba zai cika kwano biyu ba, ga sifirin a jingine da bango, sababbin samu.

Na ce, "Malam, me kake yi haka?"

Ya ce, "Jiya mutum nawa suka ga yadda aka ɗauke shi? Kin koya wa unguwa guda. Nan kuma ƙasa ce, babu daɓen kowa."

"Nan ma haya kake. Ranar da aka ce ka tashi fa?"

"Ai na san shagonku, Injiniya."

Kawu yana cikin adaidaita yana kira na, wai muna da aiki a Babban Giji. Na ce ya tafi zan same shi. Na kifa bokiti na zauna a bakin ramin, na ce wa Malam Sule ya ci gaba, amma kada ya rufe ko sifirin ɗaya da siminti sai na ga inda ya sa shi.